Jawabi a Kan Riƙon Bindiga a Gida

(Wannan shi ne jawabin da anka karanta a taron ƙungiyarmu ta mutanen Dogarawa. Mun buga shi domin 'yan'uwa na Yamai, Abijan, Kwatano da Legas waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.)



Iyayenmu dattawa, masu gari, malamai, da 'yan'uwanmu 'yan ci-rani, muna gaishe ku da kyau. Waɗanda sunka zo daga nesa, sannunku da hanya. Allah ya sa kun tarad da gida lafiya.

Maganar da anka ɗora mana yau mai nauyi ce, watau maganar bindiga. Ba mu tara ku don mu koya wa kowa harbi ba, kuma ba mu ce kowa ya je ya saya ba. Amma kowa ya san akwai bindigogi a gidajenmu. Wata gādo ce, wata ta farauta ce, wata kuwa tsoro ya sa an shigo da ita ba a faɗi ba. Abin da mu ke so ku koma gida da shi ɗaya ne: bindigar da ba a kula da ita ba, kafin ta taɓa ɓarawo sai ta taɓa mai ita, ko ɗansa, ko matarsa.

YADDA BINDIGA TA SAME MU

Kakanninmu da baka da kibiya da mashi su ke yaƙi da farauta. Bindigar toka daga bakin teku fatake sunka riƙa kawo ta. A 1890 ƙasashen Turai sunka yi yarjejeniya a birnin Burusel cewa kada a sayar wa baƙar fata bindigar zamani, sai mai ƙyastu wadda a ke ɗurawa ta baki. Abin da ya biyo baya dattawa sun ji shi daga bakin iyayensu: a watan Mayu na 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta faɗa wa Birnin Ƙwanni da bindigogin zamani, ta kashe mutane masu yawa ƙwarai. Tun daga lokacin nan hukuma ba ta bar maganar bindiga a hannun talaka haka kawai ba.

Bayan samun mulkin kai, a 1963, gwamnati ta tsara ƙa'idar mallaka da shigowa da sayar da makamai. A 1974 anka hana farauta a ƙasa duka, ta yi fiye da shekara 20 a rufe, sa'an nan dokar 1998 ta zo ta tsara yadda za a yi ta da izini. A 1994 anka kafa hukumar ƙasa ta tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa doka ba. Ran 25 ga Satumba 2000 kuwa anka tara bindigogi fiye da 1,000 a Agadas, anka cinna masu wuta gaban jama'a don tabbatad da sulhu bayan tawayen arewa.

To, sai ga abin da ya faru a Libiya a 2011. Rumbunan makamai sunka buɗe, bindigogi sunka watsu cikin Sahara. Daga baya 'yan fashin daji sunka yi ƙarfi a Zamfara da gabashin Sakkwato, har a 2019 dubban mutane sunka tsallako ƙasar Maraɗi gudun hijira. Mu kuwa bakin iyaka mu ke, babbar hanya kuma ta ratsa ƙasarmu. Mai shanu yana tsoro, mai kuɗin albasa yana tsoro. Ba mu ga laifin mai tsoro ba. Amma tsoro ba ya koya wa mutum riƙon bindiga.

MAGANAR TAKARDA

A ƙasarmu ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, ta hannun Ma'aikatar Cikin Gida. Mai so ya fara da ofishin furefe ko na jandarma, su za su faɗa masa takardun da a ke nema. Izinin riƙe bindiga daban, izinin farauta daban. Na biyun wajen ma'aikatan gandun daji a ke samunsa. Bindigar yaƙi irin Kalashinkof kuwa ba ta farar hula ba ce sam.

Ku lura da kyau, izini na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Ba a aronsa, ba a gādonsa. In mai bindiga ya rasu, magada su sanad da hukuma, kada a jefa ta bayan tukunya a ce ta baba ce.

Ku 'yan ci-rani, maganar nan taku ce musamman. Za ku gamu da mai cewa yana da ƙaramar bindiga da araha, a sa a cikin buhun kaya, ba mai gani. Takardar wata ƙasa ba ta aiki a nan, balle wadda ba ta da takarda. A Nijeriya, dokar 1984 ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu, ga wanda anka kama da bindiga ba izini. A nan gida ma ɗauri ne. Ban da wannan, ba ka san abin da anka aikata da ita kafin ta zo hannunka ba. In an yi kisa da ita, kai za a tambaya. Gumin shekara uku a Abijan sai ya ƙare a shingen duwan, iyali na gida suna jiran hatsi. Wanda ya riga ya shigo da irin wannan, ya samu maigari a asirce, su je tare a miƙa ta ga hukuma tun ba a zo nema ba.

ƘA'IDODI HUƊU

Masu aiki da bindiga a ko'ina cikin duniya sun haɗu a kan ƙa'idodi huɗu.

1. Kowace bindiga ka ɗauka a ɗure ta ke. Ko kai ka sauke ta jiya, ka sake dubawa yau. "Na zaci babu kome ciki" ita ce maganar da a kan ji bayan an yi ɓarna.

2. Kada bakinta ya dubi abin da ba ka nufin harbi, ko da wasa, ko wajen shafa mai. Addininmu ma ya hana mutum ya nuna wa ɗan'uwansa makami, ko da raha ce.

3. Yatsa ba ya taɓa kunama sai lokacin harbi. Tuntuɓe ko firgita su kan sa hannu ya damƙe da kansa.

4. Ka san abin da ka ke harbi, ka san abin da ke bayansa. Motsi cikin hatsi ba lalle dabba ba ne. Wanda ya taɓa ƙofa da dare yana iya zama ɗanka ne ya dawo daga hira. Zana da dannin kara ba su tare harsashi. Harsashin ƙaramar bindiga ya kan wuce kilomita 1 da ƙarfinsa, na bindigar soja ya ninka haka.

BINDIGAR TOKA

Ita ce ta fi yawa a hannun tsofaffin maharba, ita ce kuma ta fi cin yatsu. Dalilanta sanannu ne.

Na farko, tsatsa. Albarushi in ya ƙone ya kan bar dauɗa mai jan laima, ita ke cin ƙarfe daga ciki. Waje na ƙyalli, ciki ya zama rariya. Maganinsa a wanke bututun da ruwan zafi ran da anka yi harbi, a busad da shi sarai, sa'an nan a shafa mai kaɗan.

Na biyu, ɗuri biyu. Mutum ya ɗura, ya ajiye, ya manta, bayan wata guda ya sake ɗurawa bisa na farko. Don haka a yi wa sandar ɗuri alama a daidai inda ta ke tsayawa in bindiga ba kome ciki. In ka zura ta alamar ba ta kai baki ba, akwai abu a ciki.

Na uku, garin harsashin zamani. Wasu su kan fasa harsashi su juye garinsa cikin bindigar toka, wai ya fi ƙarfi. Lalle ya fi ƙarfi, ƙarfin da bututun ba ya iya ɗauka. Wannan fasa bindiga ne a fuskar mai ita. Kada a yi, ko kaɗan ne.

Na huɗu, sauran wuta. Bayan harbi wuta ta kan saura cikin bututu. Mai gaggawar sake ɗuri, in ya kafa gorar albarushi a bakin bindiga, gorar duka na iya tashi a hannunsa. Kada fuska ko tafin hannu su rufe bakin bindiga, kada kuma a yi wannan aiki da taba a baki.

Na biyar, bututun kansa. Bindigar da anka ƙera da bututun famfo tana da ɗinki a tsawonta, don ruwa anka yi shi, ba don wuta ba. Tana iya yin harbi hamsin lafiya, na hamsin da ɗaya ta tsage. Wadda ta fara tsagewa ko kumburi ta gama aiki. Ɗaurin waya ko fata ba ya mayad da ita.

BINDIGAR FARAUTA TA KANTI

Ita ce mai lamba 12, mai baki ɗaya ko biyu, irin Baikal ta Rasha da makamantanta. Kirkinta shi ne tana karyewa biyu, kowa ya ga cikinta. To, a karye a ke miƙa ta, a karye a ke shiga gari da ita, a karye a ke hawa amalanke ko babur, a karye a ke tsallake rami.

Kafin a sa harsashi a ɗaga ta a leƙa ta gindin bututun, a ga haske ya fita sarai. Zanzaro na son gina ɗakinsa cikin bututun bindigar da anka rataye. Laka ma ta kan toshe baki in an dogara ta a fadama. Toshiya kamar kan yatsa ta isa ta fasa ƙarfe.

A jikin bindiga akwai rubutu, 12/70 ko 12/76. Lambar ta biyu tsawon kwanson da ta ke ɗauka ne. Kada a sa mai 76 cikin mai 70, ko da ya shiga. Kada kuma a haɗa harsashi mai lamba 20 da mai lamba 12 a aljihu ɗaya: ƙaramin ya kan zurma cikin bututu ya maƙale, a sa babban a bayansa ba a sani ba. Harsashin da ya sha laima ya kumbura, ko gindinsa ya yi kore, ba a tilasta shi.

ƘARAMAR BINDIGA

Ita ce fistol da libarba. Ta fi sauran haɗari a gida saboda gajartarta. Juyin hannu kaɗan, bakinta ya koma kan wanda ke zaune kusa da kai. Yaro kuma yana ganinta kamar abin wasa.

Ga abin da ya kashe mutane da yawa a duniya: an zare gidan harsashi daga fistol, an ɗauka ta zama fanko, alhali guda ɗaya na nan cikin gindin bututu. Mai izini ya san jerin: a fara zare gidan harsashi, sa'an nan a ja saman baya, a duba da ido, bakin na duban wurin da ba kowa. In an juya jerin, an sauke guda an ɗora wani. Ɗan makullin da ke tare kunama kuwa ƙarfe ne, ya kan lalace, ba a dogara da shi. Ba a soka ta a ƙugu, ba a kwana da ita ƙarƙashin matashi.

IN BINDIGA TA ƘI TASHI

Nan ne mu ke roƙon ku buɗe kunne, don a nan a ke yin kuskure mafi muni.

In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka juyo ta ka leƙa bakinta. Kada ka hura. Kada ka buga gindinta a ƙasa. Wani lokaci wuta ta kama amma tana tafiya a hankali saboda laima, sai bayan ɗan jinkiri ta tashi. Riƙe ta yadda ta ke, bakinta na duban fili, ka ƙirga sittin a natse. Ta toka ma a ƙara mata lokaci. Bayan nan ne za a buɗe a fid da harsashin, kuma ba a sake gwada shi, ba a jefa shi a wuta, ba a ba yara.

In ta tashi amma ƙarar ta yi rauni ba kamar kullum ba, ko ba ka ji ta tura kafaɗa ba, tsaya nan. Mai yiwuwa harsashin ya tsaya a tsakiyar bututu. Harbi na biyu a kansa shi ke fasa bindiga.

In kwanso ya maƙale, ba a tono shi da wuƙa ana duban baki. In kuma bindiga ta fara tashi da kanta sa'ad da anka rufe ta ko anka girgiza ta, cikinta ya cinye. A sauke ta, a kai wa wanda ya san aikin kuma hukuma ta san da shi. Kowane gwani da fanninsa. Mai gyaran keke ba mai gyaran bindiga ba ne.

SHAFA DA AJIYA

Ba a fara shafa sai an tabbata babu kome ciki, harsashi kuma yana wani ɗaki. Ƙasarmu tana da maƙiyan ƙarfe biyu: laimar damina da ƙurar hunturu. Da damina a riƙa dubawa kowane mako. Da hunturu a rage mai, don mai da ƙura in sun haɗu su kan zama kamar taɓo su riƙe ƙarafa. Man keken ɗinki ya isa in ba a samu na bindiga ba. Man gyaɗa da man shanu daskarewa su ke yi, su yi danƙo. Kada a toshe bakin da tsumma a bari, ana mantawa da shi.

Wurin ajiya akwati ne mai kwaɗo, makulli a jikin mai ita. Bindiga a sauke, harsashi da albarushi a wani wuri daban, nesa da murhu da fitila da rumbu. Rataye ta a zaure, ko tura ta cikin jinka, ba ɓoyo ba ne. Babu lungun gida da yaro bai sani ba. A gaya wa yara da baki: in kun ga bindiga ko harsashi, a gida ko a daji, kada ku taɓa, ku kira babba. Uwargida ita ma ta san inda ta ke, don ta tsare wurin in maigida ya tafi ci-rani.

Akwai lokacin da ya kamata bindiga ta bar gida ɗungum. In akwai rikicin gona ko na gādo da ya yi zafi, ko wani a gidan yana shan ƙwaya, ko yana fama da ciwon hankali ko baƙin ciki mai tsanani, a nemi hukuma ta adana ta. Fushi na sa'a guda ne, kabari kuwa ba a tone shi. Mun san yadda kaka ta ke tsakanin manoma da makiyaya. Ɓarnar gona tana da maigari, tana da sarki, tana da diyya. Wanda ya tafi da bindiga wurin shari'ar gona ya riga ya ɓata shari'arsa.

ABUBUWA BIYU DA ZA MU BARI

Na ɗaya, harbin sama a biki. Abin da ya hau sai ya sauko, kuma harsashi in ya sauko yana iya huda kai. Ko bindigar toka da ba a sa mata dalma ba, abin da anka danne albarushi da shi ya kan fita da ƙarfin da zai tsiyaye ido.

Na biyu, gwajin maganin bindiga. Ba mu zo gardama da kowa a kan layarsa ba. Amma mutane sun mutu wurin gwaji, wanda ya harba kuma ya tafi gidan kaso. Kada a gwada a jikin mutum, kada a yarda a zama abin gwaji.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Jini ne ke kashewa da sauri. A ninka tsumma mai tsabta a danne ramin da ƙarfi, kada a ɗaga don dubawa. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko garin magani. Kada a tono harsashi. In a ciki ne ko ƙirji, kada a ba shi ruwa ko abinci. A kwantad da shi, a rufe shi, a nemi mota nan take. Allah ya taimake mu, asibitin Galmi yana ƙasarmu tun 1950, ga kuma na Ƙwanni. Ko rauni ƙarami ne a je, saboda allurar sandarewar jiki. Kada tsoron tambayar jandarma ya sa a ɓoye mai rauni a ɗaka har ƙafa ta ruɓe. Tambaya tana ƙarewa, ƙafa ba ta tsirowa.

ABIN DA MU KE ROƘO

Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ba wanda ke barin rijiya a buɗe tsakar gida don wannan magana. Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Kowane mai bindiga ya je yau, ba gobe ba, ya sauke ta ya kulle. Wanda takardarsa ba ta cika ba ya nemi cikawa. Tsofaffin maharba, ku da kunka san hannunta, ku zauna da samarin da sunka gāji bindiga ku gaya masu abin da idonku ya gani. 'Yan ci-rani kuwa, tsarabarku ta zama tufafi da hatsi da kuɗin makaranta.

Tsaron gari ba ya rataya ga bindigar mutum ɗaya. Ya rataya ga sanin baƙon da ya sauka, da gaya wa maigari abin da anka gani, da kiran jami'an tsaro da wuri. Wanda ke da tambaya ya tashi ya yi yanzu, ko ya aiko da takarda ta hannun magatakardan ƙungiya, za mu amsa a fitowa ta gaba.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba ƙasarmu lafiya, ya mai da matafiya gida da alheri. Amin.